Depiten Adar da ƙofar “sirrin tsaro”, 2016 zuwa 2023

## Mutumin, da abin da doka ta ba shi

Mutumin da wannan nazari ya bi sawunsa tsohon malamin makaranta ne daga jihar Tahoua. Ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana riƙe da alli a ƙauyukan Adar kafin ya zama daraktan lakwal, shi ya sa har bayan ya shiga majalisa tsofaffin ɗalibansa ba su daina kiransa Mushe ba, yadda ake kiran malamin boko. Ba zan ambaci sunansa ko jam'iyyarsa ba, sai dai in ce tana cikin ƙawancen masu rinjaye, kuma wannan ya shafi duk abin da ya biyo baya. Ya shiga Majalisar Dokokin Nijar da zaɓen 21 ga Fabrairu 2016, aka sake zaɓensa ranar 27 ga Disamba 2020.

Da aka zo rabon kwamitoci, manyan jam'iyya suka yi rububin kwamitin kuɗi da kasafi. Shi aka tura shi kwamitin tsaro, ba don ya taɓa sa kaki ba, sai don arewacin jiharsu ya yi iyaka da Mali, kuma ana son a ga ɗan yankin a wurin.

A takarda, majalisar wancan lokaci mai kujeru 171 ba ƙaramin ƙarfi gare ta ba. Kundin tsarin mulki na 25 ga Nuwamba 2010 ya ce ita ke kafa doka, ita ke amincewa da haraji, ita ke sa ido kan aikin gwamnati. Ba a ayyana yaƙi ko a tura soja ƙasar waje sai da izininta, kamar yadda aka yi ranar 9 ga Fabrairu 2015, kwana uku bayan Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa, lokacin da depitoci suka amince a tura dakaru Najeriya. Dokar ta-ɓaci ba ta wuce kwana 15 sai majalisa ta tsawaita ta. Aya ta 169 kuma ta ce yarjejeniyar tsaro da duk wadda ta ɗora wa ƙasa nauyin kuɗi ba a tabbatar da su sai an kafa dokar da ta ba da izini. Depite yana da damar yi wa minista tambaya a rubuce ko da baki, a kira shi zauren majalisa ya yi bayani, a kafa kwamitin bincike, har a kaɗa ƙuri'ar kayar da gwamnati.

A lokacin akwai kuma abin da ke ɗaure hannu. Yawancin depitoci ana zaɓensu ne a jerin sunayen jam'iyya na jiha, kuma jam'iyya ce ke tsara wanda ke sama da wanda ke ƙasa. Wanda ya fice daga jam'iyyarsa a tsakiyar wa'adi ya rasa kujerarsa, mataimakinsa ya hau.

## Oktoba 2016: tambaya goma sha ɗaya

Ranar 6 ga Oktoba 2016 'yan bindiga suka afka wa jami'an da ke gadin wurin 'yan gudun hijirar Mali a Tazalit, cikin gundumar Tassara. Jami'an tsaro 22 suka rasu. Mushe ya kamo hanyar Dosso da Dogon Dutsi da Ƙonni ya zo gida ta'aziyya, domin ɗaya daga cikin mamatan ɗan garinsu ne, kuma ya zauna a ajinsa.

A zaman makoki mahaifin yaron bai yi dogon zance ba. Bayan an shafa fatiha ya matso kusa da shi ya ce: “Mushe, kai ne namu a Asambile. Ni ban ce a dawo mini da shi ba. Ina so dai in sani, da me aka aje su can? Mota nawa, mutum nawa?”

Ya koma Yamai ya rubuta tambaya kamar mai shirya jarrabawa, ya jera ta ɗaya zuwa goma sha ɗaya. Dakaru nawa ke arewacin jihar, makamai iri nawa, motoci nawa ke aiki, wa ya tsara gadin, wa za a hukunta. Ya miƙa ta hannun ofishin shugabancin majalisa kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Bayan kusan wata biyu amsa ta zo daga ma'aikatar da abin ya shafa, shafi ɗaya da rabi. Rabin farko yabon jaruntar dakaru ne da ta'aziyya, sauran kuma jimla ɗaya ce aka juya ta sau uku: bayanan da aka nema suna cikin sirrin tsaro.

Kafin amsar ma ta iso, shugaban rukunin depitocinsu ya kira shi gefe a farfajiyar majalisa. “Onorabul, mu ne gwamnati fa. Wa kake tuhuma? Irin wannan takarda aikin 'yan adawa ce.” Mushe ya ce shi ba ya tuhumar kowa, uba ne ya tambaye shi. Aka ce masa ya gaya wa uban gwamnati na bakin ƙoƙarinta.

## 2017 zuwa 2019: ɗaga hannu duk wata uku

A watan Maris 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a gundumomin Tassara da Tillia, tare da wasu gundumomin Tillaberi irin su Ouallam, Ayorou, Abala da Banibangou. Diffa ta riga su tun Fabrairu 2015. Daga nan sai ya zama al'ada: duk wata uku gwamnati ta kawo ɗan gajeren ƙudurin tsawaitawa, kwamiti ya saurari minista, a rubuta rahoto, a shiga zaure a ɗaga hannu. Idan majalisa na hutu, gwamnati ta tsawaita da kanta bisa dokar ba da izini da depitoci suka sa mata hannu kafin su watse, daga baya a kawo a tabbatar.

Dabararsa ta biyu ita ce magana a zaure. Ya iya baki, kuma da Hausa yake yi, irin ta Adar mai kaifi. Wata rana ya tashi ya yi bayanin yadda taƙaita zirga-zirga ke karya mai ɗan jari da makiyayi, ya ce ana ta sabunta magani ba a taɓa auna majinyaci ba. Rediyo ya ɗauka, wani ya yanko muryar ya watsa a WhatsApp, kwana uku wayarsa ba ta huta ba. 'Yan cin rani har daga Abidjan suna kira suna sa albarka. Da aka zo ƙuri'a shi ma ya ɗaga hannu tare da kowa, ƙudurin ya wuce babu waƙafin da aka sauya. Abin da ya sauya shi ne, a zama na gaba sunansa ya koma ƙarshen jerin masu magana na rukuninsu, inda minti ke ƙarewa kafin a iso kansa.

Ranar 4 ga Oktoba 2017 aka yi kwanton ɓauna a Tongo Tongo, sojojin Amurka huɗu suka mutu tare da sojojin Nijar. A Washington wasu manyan sanatoci, har da Lindsey Graham, suka fito suka ce ba su san ƙasarsu na da sojoji masu yawa haka a Nijar ba. Mushe ya yi dariyar takaici da ya ji, ya ce ashe ciwon ba nasa ba ne shi kaɗai. Sai dai can an kira hafsoshi sun yi bayani, kuma ma'aikatar tsaronsu ta fitar da sakamakon bincike a watan Mayu 2018. A nan kuwa ana gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadez, wanda Amurkawa suka kashe wa dala miliyan 100 da ɗoriya, Faransawa na sansanin sama na Yamai, kuma shi ɗan kwamitin tsaro bai taɓa ganin takardar da ta ba su izinin zama ba. Ya tambaya a kwamiti. Amsar da masu irin wannan tambaya suka saba ji ita ya ji: waɗannan ba yarjejeniyoyin tsaro ba ne irin na aya ta 169, tsare-tsaren haɗin gwiwa ne tsakanin gwamnati da gwamnati. A waje, ƙungiyoyin farar hula da ke zanga-zangar ƙin dokar kasafin 2018 sun haɗa da batun sansanonin baƙi a cikin kokensu.

Abu mafi amfani da ya same shi a waɗannan shekaru ba a majalisa ya same shi ba. Wani tsohon jami'in kuɗi na soja ne, mai ritaya, da suke sallar asuba a masallaci ɗaya a unguwarsu ta Yamai. Lokacin kasafi Mushe ya kai masa kundin, mai kauri kamar tubali, wanda aka raba musu 'yan kwanaki kafin zama. Tun 2018 an koma tsara kasafi shiri-shiri, amma kason tsaro, wanda hukumomi da bakinsu ke cewa ya kai kimanin kashi 15 cikin ɗari, layuka ne ƙalilan masu manyan lambobi. Tsohon ya shimfiɗa tabarma, ya ɗora shayi a gawayi, ya buɗe shafin ya sa yatsa.

“Malam, wannan lambar da kake kallo alkawari ce. Kowa na iya alkawari. Kada ka sake tambayar nawa aka ware. Ka tambayi nawa aka fitar daga baitulmali, me aka kawo, kuma wa ya sa hannu a takardar karɓar kaya. Wanda ya ce maka wannan sirri ne, ka ce masa ba ka tambayi inda motar take ba, ka tambaya ne ko ta iso.”

Ya rubuta maganar a bangon littafinsa. Amma a 2018 da 2019 bai samu wanda zai mara masa ba, kuma kwamitin tsaro ra'ayi kawai yake bayarwa kan kasafi, kwamitin kuɗi ke da wuƙa da nama. Sayen kayan soja kuma tun 2013 yana da tsarinsa na daban, wanda bai bi ta hanyar tallata kwangila da aka saba ba.

## Disamba 2019 zuwa ƙarshen 2020: abin da binciken ya tono

Ranar 10 ga Disamba 2019 aka kashe sojoji 71 a barikin Inates, cikin jihar Tillaberi. Ranar 9 ga Janairu 2020 aka kashe 89 a Chinegodar. Cikin kwanaki kaɗan aka sauya babban hafsan hafsoshi, Janar Salifou Modi ya hau. A ƙarshen Fabrairu gwamnati ta sanar cewa binciken da sufetocin soja suka yi a ma'aikatar tsaro, zamanin minista Issoufou Katambé, ya gano an yi aringizon farashi, an kuma biya kuɗin kayan da ba a kawo ba. Rahoton farko da ya fita ya kai asarar miliyar 76 na sefa. A watan Yuni mai shigar da ƙara na gwamnati ya ba da adadin da ya sauko zuwa miliyar 32 da ɗoriya, bayan an saurari 'yan kwangilar.

Ranar 15 ga Maris 2020 'yan farar hula suka fito a Yamai suna neman a kai maganar kotu. Aka tarwatsa su, gobara ta tashi a kasuwar Tagabati, aƙalla mutum uku suka rasu, aka kama jagorori, wasunsu ba su fito ba sai ƙarshen Satumba.

Ga Mushe wannan lokaci ya fi kowane ɗaci. Kasafin wasu daga cikin shekarun da aka bincika ya bi ta gabansa, ya ɗaga masa hannu. Tambayar da tsohon ya koya masa, ko motar ta iso, ita ce daidai abin da sufetocin suka je suka tambaya. Kuma ba majalisa ce ta tono ba, ɓangaren zartarwa ne ya binciki kansa bayan gawawwaki sun yi yawa.

Ya gwada tattara 'yan uwansa na masu rinjaye su nemi kwamitin bincike na majalisa, don kada a ce maganar ta 'yan adawa ce kawai. Ya zaga ɗaki-ɗaki. Mutum bakwai suka ce suna tare da shi, da ya fito da takarda da biro suka koma biyu. Wasu suka ce magana tana hannun shari'a, majalisa ba ta shiga gonar alƙali. Wasu suka ce annobar korona ta shigo, ba lokacin tara jama'a ba ne. Wani dattijo cikinsu ya fi kowa gaskiya, ya ce masa: “Ƙanena, Disamba zaɓe. Jerin sunaye ba a kasuwa ake rubuta shi ba.” Ya naɗe takardar. Da jerin jam'iyyarsu na jihar ya fito, an sauko da shi ƙasa, da ƙyar ya tsallake.

A Satumban shekarar hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta fitar da sakamakon bincikenta kan fararen hula 102 da suka ɓace a yankin Inates, ta ce ta gano gawa 71 a ramuka shida, ta kuma ɗora alhakin kan wasu daga cikin dakaru. Nan ma ba daga majalisa maganar ta fito ba.

## Maris 2021 zuwa 2022: littafin aljihu

Ranar 21 ga Maris 2021, ana shirin kafa sabuwar majalisa, mahara a kan babura suka shiga Intazayane, Bakorat da Wistane a gundumar Tillia. Gwamnati ta ce mutum 137 aka kashe, fararen hula. Gundumar ta shekara huɗu cif a ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. Mushe ya ƙirga da yatsu sau nawa aka tsawaita ta yana zaune a kwamiti, ya kasa tuna ko sau ɗaya da aka zo musu da lissafin abin da wata ukun baya ya haifar.

Daga nan ya sauya salo gaba ɗaya. Ya daina neman makirfo. Mako biyu kafin kowane zaman tsawaitawa sai ya hau mota ya tafi Tahoua, ya wuce Tchintabaraden ko Abalak ranar kasuwa, ya zauna a tasha da direbobi, ya ga magadan gari da hakimai, ya nemi tsofaffin abokan aikinsa malamai. Malamai sun fi kowa sanin garin da ya watse, domin su ke rufe aji su ɗauko rajista. Direbobi sun san hanyar da aka daina bi da inda ake karɓar “zakka” da bakin bindiga. Yana rubuta komai a ɗan littafin aljihu irin na 'yan makaranta: sunan gari, ranar da abu ya faru, wanda ya gani da idonsa da wanda ji ya yi. Na taɓa ganin littafin. Ya ja layi ja a tsakiyar kowane shafi, hagu “na gani”, dama “an ce”, kuma abin da ke dama ba ya fita bakinsa a gaban minista.

Idan ya dawo Yamai sai ya taƙaita a shafi biyu, ya ba shugaban kwamiti da mai rubuta rahoto, ya kuma aika wa mutanen minista kwana uku kafin zama. Abokansa sun yi masa dariya, wai wane malami ne ke ba ɗalibi tambayar jarrabawa tun kafin ranar. Ya ce shi yanzu ba kayar da ɗalibi yake so ba, amsa yake so. Tambaya uku yake yi, ba ya ƙarawa, kuma kowace irin wadda za a iya amsawa da i ko a'a ko da kwanan wata. Yana kuma roƙon a yi zaman ƙofa rufe, babu 'yan jarida, domin ya lura hafsan da ke ƙame wa a gaban kyamara yakan saki jiki idan ya tabbata maganar ba za ta kwana a Facebook ba.

Ya kuma ƙulla abota da wani depiten adawa daga Tillaberi, Bazabarme, wanda ƙauyukansa ke cikin wuta fiye da nasa. Sukan haɗu a gidan ɗayansu su raba tambayoyi. Mai zafi ɗan adawa ya ɗauka, tunda ba shi da abin da zai rasa, Mushe kuma ya biyo da mai sanyi wadda ke buƙatar lamba. Idan tambaya ɗaya ta fito daga ɓangarorin biyu, wuya ne a ce makircin siyasa ne.

Abin da aka samu cikin kusan wata goma sha takwas ana iya ƙirga shi. An sa rakiyar jami'an tsaro ga motocin kasuwa a hanya ɗaya da ya yi ta nanatawa, ranar tafiya da ranar dawowa, kodayake ba kowane mako ba. Cikin takardun haƙƙin matan sojoji tara da suka rasa mazajensu, waɗanda ya ɗauko daga yankinsu ya bi ofis-ofis, an biya shida. Rahoton kwamiti ya fara ɗauke da shawarar cewa gwamnati ta riƙa kawo bayanin sakamako kafin neman tsawaitawa, kuma sau biyu an zo da shi, ko da a taƙaice. A lokacin kasafi kuma, karo na farko, aka raba musu shafi guda mai nuna abin da aka ware da abin da aka fitar a fannin sayen kayan aiki. Kowace takarda da lambarta, aka karɓe su a bakin ƙofa da aka tashi. Mushe ya ce minti arba'in ɗin da ya yi da shafin nan ya fi masa shekara huɗun farko.

A wannan tsakani ne, cikin Yuli 2021, aka buɗe cibiyar horar da dakaru na musamman a Tillia da tallafin Jamus. A lokacin majalisar dokokin Jamus kan sabunta izinin aikin sojojinta a Sahel shekara-shekara, bayan muhawara a fili. Wato depiten Berlin yana kaɗa ƙuri'a kan zaman sojan ƙasarsa a Tillia, depiten Tahoua kuwa a labarai yake ji.

## Nuwamba 2021 zuwa Afrilu 2022: ƙuri'ar da ta fi kowace nauyi

Ranar 27 ga Nuwamba 2021 matasa suka tare ayarin motocin sojan Faransa a Tera, aka yi harbi, mutum uku suka rasu. Ranar 17 ga Fabrairu 2022 Faransa da ƙawayenta suka sanar za su janye dakarunsu masu yaƙi da ta'addanci, na rundunonin Barkhane da Takuba, daga Mali, kuma kowa ya san Nijar za a karkato. Shugaba Mohamed Bazoum ya ce za a kai maganar majalisa.

An kai, amma ta wata ƙofa. Ba yarjejeniya aka kawo a nemi dokar tabbatar da ita ba. Firaminista Ouhoumoudou Mahamadou ya kawo gyara ne ga jawabin manufofin gwamnatinsa, wanda ya buɗe hanyar karɓar ƙarin dakarun ƙawaye, ya kuma jingina rayuwar gwamnatin a kan ƙuri'ar. Ma'ana, wanda ya ce a'a ga dakarun baƙi ya ce a'a ga gwamnati dungurungum. 'Yan adawa suka ce wannan zagaye aya ta 169 ne, kuma ana neman su amince da abin da ba su ga sharuɗɗansa ba. Masu rinjaye suka ce ƙasa na yaƙi a iyakoki da yawa, ba ta da jiragen leƙen asiri da za su ishe ta, kuma duk wanda zai zo a ƙarƙashin jagorancin hafsoshin Nijar zai yi aiki.

A taron rukuninsu, daren jajibirin ƙuri'a, Mushe ya nemi magana. Bai ce a ƙi ba. Ya ce a kawo takardun, ko a ɗaki rufe ne, ko da lamba ne a karɓe a bakin ƙofa kamar na kasafi, kwamitin tsaro da na harkokin waje su karanta: mutum nawa, a ina, har yaushe, wa ke hukunta sojan baƙo idan ya harbi ɗan ƙasa. Aka ce masa za a yi bayan ƙuri'a, idan an kammala tattaunawa da ƙawayen.

Ranar Juma'a 22 ga Afrilu 2022, cikin azumi, aka kaɗa: 131 suka amince, 31 suka ƙi. Yana cikin 131 ɗin. Abokinsa na Tillaberi yana cikin 31.

Da ya je gida sallah, yayansa, manomin albasa wanda bai taɓa shiga aji ba, ya bari sai da baƙi suka watse sannan ya ce: “Kai ka ga takardar da ka ɗaga wa hannu?” Ya ce: “Ban gani ba, Yaya.” Yayan ya yi shiru, can ya ce: “Ko sa za ka saya a Badagishiri, ai sai ka buɗe bakinsa ka ga haƙori.”

Ya sake tunatarwa a kwamiti sau biyu a cikin shekarar da ta biyo. Takardun ba su zo hannunsa ba. A titi kuwa maganar ta bar hannun depitoci: ƙungiyar farar hula ta M62 ta bayyana a Agusta 2022, ta yi gangami a Yamai ranar 18 ga Satumba tana neman Barkhane ta fice.

## Daga 26 ga Yuli 2023

Ranar 26 ga Yuli 2023 dakarun fadar shugaban ƙasa suka tsare Bazoum, aka jingine kundin tsarin mulki, majalisa ta tafi tare da shi. Janar Abdourahamane Tiani ya zama shugaban majalisar soja ta CNSP. Ranar 3 ga Agusta aka soke yarjejeniyoyin soja da Faransa da sanarwa guda a talabijin, sojojinta kusan 1,500 suka gama ficewa ranar 22 ga Disamba. Ranar 16 ga Maris 2024 aka soke ta Amurka, kuma cikin hujjojin da kakakin sojan ya bayar har da cewa an ƙulla ta ba tare da an tuntuɓi wakilan jama'a ba. Mushe ya ji wannan a rediyo yana gonar yayansa. Amurkawa sun kammala ficewa a Satumba 2024.

A watan Fabrairu na 2024 ɗin aka fitar da dokar da ta cire kashe-kashen kuɗin tsaro daga ƙa'idojin kwangilar gwamnati da binciken da aka saba. A Maris 2025 aka rusa jam'iyyun siyasa, a Yuni kuma aka kafa majalisar tuntuɓa wadda naɗa mambobinta aka yi, aikinta ba da shawara.

## Abin da ya ci da abin da bai ci ba

Tambayar 2016 ta faɗi ne tun daga rubutunta. Ya haɗa abin da sirri ne da gaske, kamar yawan dakaru da inda suke, da abin da ba sirri ba ne, kamar ko an biya kuɗi kuma kaya sun iso. Da ya cuɗa su ya ba mai amsa damar rufe duka da hatimi ɗaya. Jawabin zaure ya sa an san shi, amma ya zo ne bayan an gama dafa rahoto a kwamiti, kuma ya mai da maganar ta zama ta mutunci, inda minista ba zai iya ja da baya ba ko da ya so. Neman kwamitin bincike a shekarar zaɓe, daga mutumin da jam'iyya ke riƙe da matsayinsa a jeri, ba abin da zai yiwu ba ne, kuma shi ma ya sani.

Salon littafin aljihu ya ci domin ya juya cinikin. A da yana zuwa hannu wofi yana roƙon a gaya masa, daga baya ya riƙa zuwa da abin da ofisoshin Yamai ba su da shi, wanda malamai da direbobi suka ba shi. Ya ci kuma domin tsawaita dokar ta-ɓaci da kasafi su ne lokutan da gwamnati ke buƙatar hannunsa, ba shi ke buƙatar nata ba. Amma a ganina bai kamata a kumbura nasarar ba. Rakiyar mota da haƙƙin zawarawa shida taimakon jama'a ne da kowane mai faɗa a ji zai iya nemowa. Shafin kasafin nan guda shi kaɗai ne sa ido na gaske, kuma sau ɗaya aka ba shi, da alfarma, ba da doka ba. Bai taɓa gabatar da ƙudurin da zai mai da alfarmar tilas ba, alhali yana da damar yi, kuma nan ne nake ganin laifinsa ya fi na ranar ƙuri'a.

Game da 22 ga Afrilu, har yanzu shi da abokinsa na Tillaberi ba su daidaita ba. Mushe yana cewa da ya ƙi, 130 ne za su amince, shi kuma ya rasa ɗakin da ake ba shi amsa. Abokin yana cewa da goma daga masu rinjaye sun tsaya a kan sai sun ga takarda, da an kawo ta, kuma yarjejeniyar da depitoci suka karanta suka kafa wa doka ba za a ce an yi ta a bayan jama'a ba. Ni na fi karkata ga abokin, duk da ban ga alamar cewa wata takarda za ta hana abin da ya faru a Yuli ba.

Yana Tahoua yanzu. Takardun zawarawa ukun da suka rage suna cikin kwali ɗaya da littattafan aljihun, kuma ɗaya daga cikin matan takan aiko ɗanta duk bayan 'yan watanni ya tambaya ko akwai labari daga Yamai.